Rasuwar Gwaggo Tana Tsaka da Shan Magani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu tsami saboda an daɗe ba a riƙe biro ba, ni Fa'izu mai buga takardu, na shago mai shuɗiyar ƙofa a layin teloli, nake sanar da jama'ar unguwar Briqueterie da kewaye rasuwar kwamfutata, wadda kowa ya sani da Gwaggo. Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce, tsakanin kiran salla da tayar da iƙama, tana tsaka da shan maganin da ni da hannuna na ɗura mata. Wanda ya ga sanarwar nan da rubutun hannu kada ya yi mamaki. Mai buga sanarwar mutuwar unguwa ce ta mutu.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya kai labari unguwar Ekoudou, gidan Baffa Mohaman tela, wanda muke shago ɗaya da shi shekara goma sha ɗaya. Yau kwana shida kekensa yana rufe, ko leƙowa bai yi ba. Dalilin yana ƙasa, kuma zan faɗe shi, ko da yake na so in tsallake.

Babu wanda ya san shekarar haihuwar marigayiya. Na same ta ne wurin masu gwanjon kayan Turai, tana zaune tsakanin wani firiji mara ƙofa da keken motsa jiki. Mai gwanjon ya rantse mini shekararta biyu kacal. In gaskiya ya faɗa, to da furfurarta aka haife ta.

Mace ce mai natsuwa. Ba ta taɓa yin abu cikin gaggawa ba, ko mutum goma ne a layi. Da safe in na danna mata, sai ta ja dogon numfashi “fuuu”, ta yi “tit” guda ɗaya, sannan ta shiga gunaguni, “ƙirr, ƙirr-ƙirr, ƙirr”. Ni kuwa sai in tafi wurin mai shayi in karya, in gaisa da mutanen layi ɗaya bayan ɗaya, in dawo in tarar har yanzu ɗankwali take ɗaurawa. Wannan gunagunin ne ya sa Baffa Mohaman ya raɗa mata suna, ya ce haka wata gwaggonsa ta Garoua take tashi daga barci. Shi ne kuma ya ɗinka mata rigar rufa da ragowar shadda, har da aiki a wuya, wai bai kamata babbar mace ta kwana tsirara cikin ƙurar zare ba. Da harafi ɗaya ya ɓalle a allon rubutunta, maɓallin riga ya manna mata a gurbin, da shi ta yi aiki har ƙarshen rayuwarta.

Ta yi wa unguwar nan hidima. Ta buga katin aure, har da na waɗanda aka fasa. Ta buga wasiƙun ƙorafi zuwa ga masu gidajen haya, cikin Faransanci mai ladabin da masu ƙorafin ba su da shi. Ta rubuta “ƙwarewar shekara biyar” ga mutanen da ranar suka fara jin sunan aikin, kuma ba ta taɓa tona asirin kowa ba. Ba a faɗin aibin mamaci, don haka ba zan ce ta taɓa haɗiye takardar wata ɗaliba mai shafi tamanin ana gobe za a karɓa ba. Ba zan kuma ce da damina takan ja duk wanda ya taɓa ta ba takalmi ba.

Kafin in zo kan ciwon ajali, dole in yi bayanin wayar wuta. Shagonmu kafar wuta ɗaya gare shi, tana bango bayan keken Baffa. Daga nan waya mai baki shida ta fito, a jikinta kowa yake sha: keken aiki, dutsen guga, fanka, na'urar bugawa da Gwaggo. Shekaru kafin mu haɗu, wani maƙwabci ya bar dutsen guga a kunne ya tafi Juma'a. Ana sallamewa aka tarar shago huɗu sun kama, har da na Baffa na farko, da ɗinkin sallar mutane a ciki. Tabon yana nan a hannunsa na hagu. Tun daga ranar, in aka yi kiran Juma'a shi ne na ƙarshen fita. Sai ya sunkuya, ya ce bismillah, ya zare wayar daga bango, sannan ya ja ƙofa. Duk layin nan an san haka. Ni na fi kowa sani, don sau sama da ɗari biyar ya yi a gaban idona.

Ciwon ya fara ne bara. Shafukan da ake rajistar jarrabawa da neman takardu suka daina buɗe wa Gwaggo ƙofa, wai ta tsufa. Masu kawo mini aiki suka fara sulalewa unguwar Tsinga, wurin wasu masu sabbin na'urori da kujeru masu juyawa, sai su dawo su gaishe ni kamar ba a yi ba. Abin ya ci mini rai. Na ƙudura sai na sa mata sabon sistem, wato babbar manhajar da ke tafiyar da komai a cikinta. Sabon sistem ya leƙa, ya yamutsa fuska, ya ce ba zai zauna gidan nan ba sai an sabunta BIOS.

Ga waɗanda ba su sani ba, kamar yadda ni ma ban sani ba sai watan jiya, BIOS wani ɗan karatu ne da ke ajiye a ƙirjin na'ura. Shi take fara biyawa in ta farka, kafin ma ta tuna ko ita wace ce. Sabunta shi kamar wanke allo ne, a goge tsohon karatu a rubuta sabo. In wuta ta yanke bayan an wanke, ba a gama rubutu ba, shi ke nan, babu tsoho babu sabo.

Na je Elig-Edzoa wurin Madina mai gyaran na'urori, wadda ta fi shekara shida tana duba lafiyar marigayiya. Ta ce, “Yaya Fa'izu, kar ka yi mise à jour ɗin nan, sabuntawar nan, a shago. Kawo ta nan atelier ɗina ran Litinin, ina da batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke. Minti biyar ne aikin, amma cikin minti biyar ɗin ko tari wutar ta yi, c'est fini, ta ƙare.”

Na ce to. Na dawo na kalli bidiyo uku a waya, kafin in gama na ukun na zama injiniya. Na ce wace Litinin kuma? Aikin alheri ai sai Juma'a, a shigar da tsohuwa sabuwar rayuwa cikin albarkar rana. Da gangan na jira har kusa da salla, don aikin ya dace da lokaci mai falala. Kada a ce ban yi tanadi ba. Na samu farar takarda na rubuta da manyan baƙaƙe, NE PAS DÉBRANCHER, wato kada a cire wuta, na manna a goshin Gwaggo. Baffa yana zaune taku uku daga inda nake, yana ɗaura wa wata riga hannu, mai rigar yana tsaye a kansa yana duba agogo. Ban buɗe baki na gaya masa ba. Takarda na rubuta.

Na danna. Wani ɗan layi ya fito a fuskarta ya fara rarrafe, tana “ƙirr” a hankali, cikin haƙuri irin nata. Sai ga kiran salla. Na ce ai saura kaɗan, na suri tabarma na fita da sauri don in samu sahu a inuwa. Baffa ya sallami mai riga, ya sunkuya, ya ce bismillah.

Da muka dawo na mayar da waya na danna mata. Ta ja numfashi “fuuu”. Na jira “tit”. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa hana ni wannan “tit” ɗin ba, ranar ta hana. Fuska baƙi ƙirin, takardata tana nan manne a goshi.

Na juya na tambayi Baffa ko shi ne ya zare wayar. Ya ce, “Na cire mana, kamar kullum. Lafiya, ɗana?”

Abin da na faɗa zan rubuta shi yadda na faɗe shi, tunda rabin layi ya ji. Mutane suna dawowa daga masallaci da tabarmi a hamata, na ɗaga murya na ce, “Ba ka ga takarda ba, Baffa? Ɗan wannan rubutun ma ya gagare ka? Wallahi zama da jahili masifa ne!”

Mai suya ya tsayar da wuƙarsa. Baffa ya haura sittin. Shi ya ba ni kusurwar shagonsa lokacin da ba ni da komai sai tebur mai ƙafa uku da rabi, shi ya tsaya mini waliyyi ranar aurena. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce da Fulatanci, “Mi nani,” wato na ji. Ya rufe kekensa, ya gyara hula, ya fita.

Washegari na ɗora gawar a babur zuwa wurin Madina. Ta buɗe ta, ta gwada duk dabarar da ta sani, ta girgiza kai. Ta ce, “Carte mère ɗin, uwar kayan cikinta, ta tafi, ba ta tashi. Amma disque, ma'ajiyarta, lafiya lau, takardunka duk suna nan. Wa ya cire wutar?” Na kwashe labari na ba ta, ina ƙara gishiri a wurin da ya shafi Baffa. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Ka gaya masa da baki?” Na ce na rubuta. Ta ce, “Ban tambaye ka rubutu ba.” Ta miƙo mini disk ɗin a leda, ta koma kan aikinta.

Na mayar da gawar shago, daga nan na wuce wurin Malam Sha'aibu, limamin masallacin layinmu, in ji ko akwai wani abin da ake karanta wa irin wannan mamaci. Ya ce ƙarfe ba ya buƙatar salla, amma mai ƙarfen yana buƙatar istigfari, don labarin ya riga ni zuwa. Ya kuma tuna mini cewa shekara ashirin Baffa yana ɗaukar karatu a zaurensa, kuma awon kowane mai ɗinki a layin nan, har da faɗin tumbina, yana rubuce da ajami a littafinsa, da hannu mai kyau. Saboda haka sanarwar nan kwafi biyu ce. Ta boko ni na rubuta. Ta ajami, wadda za a kai Ekoudou, sai da na zauna ina faɗa Malam yana rubutawa, don ni ko layi ɗaya ba zan iya ba. Da muka zo kan kalmar da na jefi Baffa da ita, Malam ya ce in maimaita bai ji ba. Sau uku ya sa na maimaita, kuma kunnensa lafiya lau.

Marigayiya ta bar allon kallo, wanda tun ranar yake kallon bango. Ta bar linzami mai waya, da allon rubutu mai maɓallin riga. Ta bar na'urar bugawa, abokiyar zamanta, wadda ba su taɓa jituwa ba, kuma ina zargin ba ta ji mutuwar ba ko kaɗan. Ta bar disk cike da asirin unguwa, yana wurina a kulle, masu ƙwarewar shekara biyar su kwantar da hankalinsu. Ta bar ni a shago mai kujera biyu, ina zaune a ɗaya. Na ɗauka “tit” ɗin safe zan fi kewa. Ashe ƙarar keke ce, da “ɗana, ka karya?” da ake yi mini kafin in ajiye jaka. Ina jin kunya, kuma kunyar ta fi baƙin cikin nauyi.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ƙofar shago. Akwai shayi, mai suya kuma ya yi alkawarin ba zai ba da labarin ranar nan ba sai an tambaye shi. Masu zuwa ta'aziyya da takardar bugawa a aljihu su bari sai an share makoki. Daga nan za a kai gawa Elig-Edzoa, inda Madina za ta raba sassan jikinta ga mabukata. An ce wata na'ura a Tsinga tana jiran fankarta, mun yafe. Amma ba za a ɗaga ta daga tebur ba sai wanda ya ɗinka mata riga ya zo ya rufe ta da hannunsa. In bai zo ba, nan za ta zauna, ni ma haka.

Baffa, ni na kashe ta. Kai abin da kake yi kullum ka yi, abin da ya sa har yau muke da shagon da za mu yi faɗa a ciki. A gaban mutane na zage ka, a gabansu nake roƙo ka yafe mini. Gobe Juma'a ce, fanka da dutsen guga duk suna jikin waya, kuma ka san halina na mantuwa. In an yi kira zan tsaya a bakin ƙofa da tabarmata, ba zan rufe shago ba sai ka zo ka zare.

Mai makoki,
ɗanka Fa'izu