Ranar da Na Dirje Lambar Jamus

Ni fa niyyar gyara na yi. Cikin tsofaffin lambobin yabo da nake tarawa a Gure, akwai wata ta Jamus, ta ma'aikatan jinya 'yan sa kai. Ta yi baƙi, sunan mai ita ya dushe a bayanta, ni kuwa shi nake son karantawa.

Matata Falmata ta ce, "Malam, bar ta da tsufanta."

Na ce, "Ke me kika sani a tarihi?"

Na jiƙa ta a ruwan kanwa, na dirje da yashi kamar gindin tukunya. Ta fito fes, sunan kuwa ya bi ruwa.

Har yau, in tuwo ya kama, sai Falmata ta miƙo tukunyar: "Malam, ga wata ta Jamus."