Daren Da Aka Ɗauke Garinmu Muna Barci

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, majalisar dokokin jiharmu ta zauna yin abin da ta kira ƙananan gyare-gyare ga dokar iyakokin ƙananan hukumomi. Tun kakanninmu iyakarmu ita ce tsohuwar hanyar kogi, wadda ta ƙafe tun ina koyarwa a firamare. Sai masu gyara suka ce iyaka ita ce inda ruwa yake bi a yau. Da wannan layi guda mutanen Kwarin Goje muka kwanta a ƙaramar hukumarmu, muka tashi a ta maƙwabta. Tsohuwar ta janye ungozoma da mai ba da magani daga asibitinmu, ta ce mu ba nata ba ne. Sabuwar kuma ta ce ba ta san da zamanmu ba. Yanzu mai naƙuda sai dai a tura ta a baro zuwa wani garin.

Ɗan majalisarmu, Hashimu, ɗalibina ne. Na same shi a gidansa, yara na ta goge masa mota.

Na ce, "Hashimu, kana cikin zauren aka yi wannan ɗanyen aiki?"

Ya rusuna ya ce, "Ina nan, Malam. Ai gyara ne ɗan mitsitsi, shi ya sa ba a kira jama'a jin ra'ayi ba."

"Ka karanta shi?"

"Malam, wa yake karanta ƙaramin gyara? Kakakin majalisa ya ce masu goyon baya su ce eh, muka ce eh, ya buga guduma, aka tafi cin abinci."

"Wato ka ba da garin ubanka kyauta ba ka ma san ka bayar ba?"

Sai ya yi 'yar dariya, ya gyara hula. Ya ce, "Allah ya huci zuciyar Malam, ai a ajinka muka saba. In ka ce 'kun gane?' duk mu ɗauka da ƙarfi 'eeeh!' ko ba mu gane komai ba."

Na ce, "Madalla, aiki ya zo da sauƙi. Ranar Juma'a da an sallame zan karɓi lasifikar liman in ce, 'Hashimu, ka cuci garin nan, kana neman gafara?' Kai dai ka amsa yadda ka saba."