Garayar Babana a Rijiyar Tagriss

Ba zan ɗora wa kowa laifi ba, ni na shafe maratayin garayar babana da man shanu, wai ya yi sheƙi. Matata ta ce, "Maigida, ƙullin nan zai zame." Na ce ba yau na fara ƙulli ba.

A bakin rijiyar Tagriss makiyaya suka nemi kiɗa. Na sunkuya don su ji rijiya na amsa mini, sai na ji kafaɗata sakayau. Mun jima tsaye kafin mu ji tsundum.

Garayar nan kaɗai marigayi babana ya bar mini. Har yau in guga ya bugi bangon rijiyar, sai mata su ce, "Ku yi shiru, mai garaya ya fara."