Rumfa Ɗaya, Masu Ita Uku

Ranar Litinin na naɗe lemar da nake sayar da katin waya a ƙarƙashinta, na raka yayata Hansatu ofishin masu rabon rumfuna. An ba ta rumfa a sabuwar kasuwar bayan Kurudu. Ta sayar da tunkiyarta ta sayi sabuwar tanda da shinkafar waina, muka je da takardarta, sai muka tarar da Ishaya mai walda a ciki yana feshin wuta. Shi ma da tasa takardar, lamba ɗaya, hatimi ɗaya. Muna cikin kallon-kallo sai ga mota mai baƙin gilashi, direba ya leƙo ya ce Hajiyar Ogan masu rabon ce ta aiko a share mata rumfarta.

A ofis muka sami Catherine mai buga takardu tana ɓarar gyaɗa.

Na ce, "Anti, ya aka yi rumfa ɗaya take da masu ita uku?"

Ta ce, "Uku kawai? Ku gode wa Allah."

Ta juyo mana da kwamfutar. Shafi ne mai gidaje-gidaje kamar gurbin dara.

"Wannan sunansa sifiredshit. Duk abin da ka zuba masa karɓa yake. Rubuta lamba ɗaya sau goma, ba zai tambaye ka ba. Kuma kowane oga da nasa kwafin a aljihu."

"To babu mai tambaya?"

"Akwai, databes. Shi in ka ba Hansatu rumfa ka dawo za ka ba wani, ƙi zai yi. Kuma yana riƙe sunan duk wanda ya taɓa shi."

Hansatu ta ce, "Ku sayo shi mana, 'yar'uwa."

Catherine ta nuna mana lungu da baki. Ga wata kwamfuta can an lulluɓe ta da zane, an ɗora mata butar shayi.

Ashe tun bara aka saya. Sai da Masu Girma suka kafa kwamitin gwada manhajojin biyu, suka kwana a otal, suka haye jirgi zuwa ƙasar waje don su ga yadda databes yake aiki a cikin sanyi. Aka dawo aka kunna shi da addu'a da lemon kwalba. Ranar farko ya ƙi surukin Ranka-ya-daɗe. Ranar biyu kwamiti ya gano cewa bai dace da yanayinmu ba.

Ni a aji uku na bar makaranta, amma na jinjina wa wannan bincike. Wa zai zauna ofis ɗaya da na'urar da ba ta san manya ba, ga kuma tsegumi? Sifiredshit kuwa ɗa ne mai tarbiyya, ko ƙarfe nawa Oga ya zo da ɗan'uwansa, akwai gurbi.

Ranar Laraba Hajiya ta sa wa rumfar kwaɗo. Ishaya ya kwashe ƙarafansa. Hansatu ta dasa tandarta a gindin lemata, a bakin titi, don shinkafar ba za ta jira kwamiti ba.

Jiya ma'aikatan kama masu talla suka zo suka jefa tandar a motarsu, da sauran waina a ciki. Babbansu ya ce ba ta da hujjar zama a titi, ai an ba ta rumfa, sunanta yana cikin kwamfuta.

Gaskiya ya faɗa. Ni ma na gani da idona, layi biyu a ƙasan na Hajiya.