Farar Rigar Nomau

A ƙauyen Kwarin Gawo akwai wani gida mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya, mutum biyu ne kacal a cikinsa, Inna Tabawa da ɗanta Nomau. Nomau ya ba arba'in baya, ƙato ne mai ƙarfin noma, sai dai kansa iyakar abin da aka faɗa masa yake ɗauka, ba ƙari ba ragi. In ka ce masa ya tsaya nan, to sai ka dawo ka sallame shi, ko da ruwa ake yi da ƙanƙara.

Yana da ƙanwa guda, Lantana, wadda ƙanin ubansu Baffa Haladu ya tafi da ita Abuja tana 'yar shekara bakwai, bayan rasuwar uban. Ta yi boko, ta samu miji ɗan manya, aka ce bikin ma sai a tsibirin Zanzibar, a bakin teku. Inna kuwa wata huɗu ke nan tana kwance, ciwo na cin ta a ciki, ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. In Lantana ta bugo waya sai ta daure ta ce ƙafa ce kawai. Burinta ɗaya a duniya ta ga 'yarta kafin ta cika, amma kunyar ɓata mata biki ta rufe mata baki.

Wata rana Baffa Haladu ya zo da takardar ƙa'idojin biki, ransa a ɓace, domin Lantana ta rantse in ba a zo mata da yayanta ba, ba za ta zauna a rumfar biki ba. Ya karanta wa Nomau ɗaya bayan ɗaya: kowane baƙo ya sa fararen kaya sababbi, kada ya ba kowa fasfonsa, kada ya sha ruwa sai na gorar da ba a buɗe ba. Da ya leƙa ɗaki ya ga yadda Inna ta koma, sai ya ja Nomau bayan rumbu.

"Saura ɗaya da ba ya cikin takarda. Kada ka ce da Lantana komai a kan ciwon uwarku sai an shafa fatiha. Ka ji ko?"

"Na ji, Baffa. Sai an shafa fatiha."

A ran Baffa, nufinsa sai biki ya watse, ango da amarya sun gama yawon wata guda da suka shirya. Amma bai faɗi haka ba.

Wata rana Nomau ya shiga neman farin kaya sabo. Ya birkice gidan kaf bai samu ba, sai a ƙasan akwatin Inna, wani farin yadi a naɗe cikin leda. Ya kai wa tela, aka ɗinka masa doguwar riga. Ya sa ya shigo ɗaki yana washe baki. Inna ta dube shi ta dubi akwatin. Likkafaninta ne, shekara shida da ta saye shi ta ajiye don kada ta wahalar da kowa.

"Ta yi maka kyau," ta ce. "Amma aro na ba ka, Nomau. Likkafanina ne. Ka dawo mini da shi da wuri, kada a neme shi a rasa."

Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa. Ya cire rigar ya naɗe a hankali, ya ce zai dawo da ita da wuri.

Wata rana, ranar tafiya, suna layi a filin jirgi, jami'i ya miƙo hannu ya ce fasfo. Nomau ya ƙanƙame shi a ƙirji.

"An ce kada in ba kowa."

"Malam, aikina ke nan. Kawo."

"Kai ma ai kowa ne."

Layi ya tsaya, mutane suka fara tsaki, aka kira masu kaki suka ja shi gefe suka zazzage masa jaka. Baffa ya iso yana gumi ya ce ya ba su mana, Nomau ya ce, "Baffa, kai fa ka karanta mini." Da ƙyar aka yi sulhu, ya riƙe gefe ɗaya na fasfon da hannu biyu, jami'in ya buga hatimi a ɗaya gefen. Tun daga nan har jirgi ya sauka Baffa bai ƙara duban inda yake ba.

Wata rana a tsibirin, zafi ya yi zafi, irin mai ɗanɗanon gishiri da ke manne wa mutum riga a baya. Ma'aikatan otal mutane ne masu ladabi, sai sun buɗe maka gora kafin su miƙo. Nomau ya duba ya ce wannan an buɗe, ya mayar. Wata mata ta tausaya ta ba shi rufaffiya. Ya juya ta, ya juya ta, ya ga in ya buɗe ita ma ta zama buɗaɗɗiya, sai ya ajiye. Kwana biyu ruwa bai ratsa maƙogwaronsa ba, ga teku a gabansa iyakar ganin ido. A rana ta uku ya yanke jiki ya faɗi a kan rairayi, aka kwashe shi aka yi masa ƙarin ruwa.

Da ya farfaɗo, Lantana ce zaune a gefensa da lalle a hannu.

"Yaya, ka ba ni tsoro. Ya ƙafar Inna?"

Nomau ya sa tafin hannu ya toshe bakinsa, hawaye na gangarowa ta tsakanin yatsunsa. Baffa da ke tsaye a ƙofa ya yi caraf ya ce ƙafa da sauƙi, kewar gida ce ke damun wannan. Lantana ta yarda, ta share wa yayanta ido.

Wata rana dai ranar ta zo. Aka kafa rumfa a bakin ruwa da hantsi, baƙi kusan ɗari duk cikin fari, amarya na gefe guda da ƙawayenta. Nomau ya ƙi zama don kada rigar ta ɓaci, ya tsaya a baya ya kafa wa limami ido. Aka ɗaura aure, limami ya ce fatiha, mutane suka ɗaga hannu suka shafa. Hannuwa ba su gama sauka daga fuskoki ba Nomau ya ratsa tsakiyar jama'a ya tsaya gaban ƙanwarsa.

"Lantana, an shafa fatiha. Inna ba ƙafa ba ce. Wata huɗu tana kwance, ko kunu ba ya zama a cikinta. Wannan rigar ta jikina likkafaninta ce, aro ta ba ni, ta ce in dawo da ita da wuri."

Makaɗan da suka ɗaga hannu suka sauke. Baffa ya cafki wuyan rigar yana cewa ɗan banza ka kashe biki, Nomau ya ce, "Baffa, a hankali, kada ta yage, ba tawa ba ce." Lantana ta miƙe ta dubi Baffan da ya rene ta, duban da bai iya jurewa ba, sannan ta juya ga angonta ta ce gida za ta. Abincin mutum ɗari ya huce a kan tebura. Dangin ango suka yi ta surutu, wasu har yau ba su huce ba.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, mota ta tsaya a ƙofar gidan mai rumbu ɗaya. Inna na nan da sauran numfashi. Lantana ta faɗa kanta tana kuka, tsohuwar ta lalubi fuskarta, ta lalubi lallen hannunta, ta yi ta sa mata albarka har muryarta ta dushe. Nomau ya jira suka lafa, sannan ya durƙusa ya ajiye rigar a naɗe kusa da matashinta.

"Inna, ga shi na dawo da shi. Ban ɓata ba."

Inna ta ɗora hannu ɗaya a kan rigar, ɗayan yana riƙe da na Lantana.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Riga na ce ka dawo da ita, ka haɗo mini da 'yata."

Ta ƙara kwana uku, Lantana ce ke ba ta ruwa a cokali. A safiya ta huɗu Nomau ya ɗauki rigar ya tafi wurin tela, ya ce a warware ɗinkin a hankali, mai ita na jira.