Sunan Maciya-Albasa

Wani ne a Allakaye, bawan Allah bai taɓa raɗa wa ko kaza suna ba. 'Ya'yansa duka yayansa ne ya sa musu, shi sai dai ya ji a bakin maroƙi. Abin na cin ransa.

Ran nan ana shan shayi a fada, Mushe Abdoulkadir, malamin lakwal, wato makarantar boko, yana ta zuba bayani. Ya ce masana sun kasa dabbobin duniya rukuni-rukuni. Ƙananan rukunai doka gare su mai tsanani, amma manya-manyan can sama ba su da alƙali. Kowa ya ga abin da ya haɗa wasu dabbobi, yana iya tara su ya sa musu suna.

Mutumin naku ya aje kofi. "Mushe, ko ni?"

"Ko kai, in mutane sun karɓa."

Ai kuwa gogan ya zarce garka. Ya tsaya yana duban albasarsa da aka yi wa kaca-kaca. Akuya ta ci, jaki ya ci, gafiya ta tona, fara ta share saura. Ya buga cinya ya ce, "Wallahi waɗanga 'yan gida guda ne, masana ba su lura ba!"

To amma suna ba yanka, ai ba suna ba ne. Shi kuwa ko ɗan tsako bai da. Rago ɗaya ke gidan, na matarsa Cima, wanda take turkawa da dusa da harawa don layyarta, ko shafa shi ba ta bari a yi. Cima kuwa ta tafi Ibohamane ganin gida.

Gogan ya raba goron suna. Gari ya ɗauka can ta haihu. Da sassafe ƙofar gida ta cika, liman ya zauna, aka kayar da rago. Liman ya matso da kunne.

"Namiji ko mace?"

"Duka, Malam."

"Tagwaye? Masha Allahu! Mi aka sa musu?"

"Maciya-albasa."

Liman ya janye kunnensa. Kafin ya buɗe baki wanzami ya zaro aska ya ce a fito da jarirai. Gogan ya shiga ya jawo jaki da akuyar maƙwabta da ya kama a garka, ga gafiya a tarko, ga fara cike da kwano.

"Fara da babban," ya ce wa wanzami.

Jaki na ganin aska ya ɗaga ƙafa ya aika wanzami cikin tukunyar kunu. Akuya ta tsinke ta bi kan goro. Liman ya suri takalmansa a hannu yana salati.

Ana cikin wannan sai ga Cima ta sauka daga kabu-kabu. Mata suka taso da guɗa, "Barka da arziki, mai jego!"

Ta dubi cikinta. Ta dubi turke, wayam. Ta dubi fata shanye a kan darni. Ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ragona! La'ananne, ragon layyata ka yanka wa jaki da gafiya?"

Gogan ya gyara hula ya ce, "Haba Cima, ki gode Allah a dunƙule na raɗa musu. Da ɗai-ɗai ne, fara kaɗai sai ta ƙarar da garken ubanki!"