Ta'aziyyar 'Yar Fashir, Bindigar Babana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har tana neman ambaliya, iyalan Malam Lurwanu mai tsire na unguwar Jarwal a birnin Makka suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk alhajin da aka taɓa ɗora wa saƙo, rasuwar bindigarsu 'Yar Fashir. Ta cika ranar Talata da hantsi, cikin Muharram na shekara ta 1369, a kan hanyar Arfa, bayan doguwar jinya da gajeriyar lafiya.

Ni ce 'yarsa Rumasa'u na rubuta, don ni kaɗai ke riƙe alƙalami a gidan. Ban taɓa rubuta abin da ya wuce wasiƙa ba, a yi mini afuwa in na yi kuskure. Na tambayi malamarmu Faƙiha Maryama, ta ce ba a yi wa ƙarfe addu'ar mamaci. Saboda haka duk inda kuka ga ya kamata a ce amin, ku yi shiru kawai.

Ba a san ranar haihuwar marigayiya ba. Baba ya same ta a Fashir ta ƙasar Sudan, lokacin da ya taso da ƙafa daga Gumel, ya tsallako da ita teku naɗe cikin tabarma. Ba irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baka ba ce. Tana da mariƙin ƙarfe a ƙarƙashinta, a zura yatsu a ja ƙasa a mayar, sai ta ce ƙaras-ƙas, ta tofar da kwanson harsashi ta haɗiyi sabo. Wannan ita ce maganarta kaf, kuma ba ta taɓa sauya ta ba.

An shaide ta da jarunta. A bakin Baba ta kashe kura ɗaya a dajin Kurdufan lokacin ina ƙarama, da na fara wayo kurayen suka zama huɗu, bara kuwa har da zaki ya shigo. An kuma shaide ta da kamun kai, domin a ƙasar Harami ba a farauta, ba a ko firgita tsuntsu. Shekara goma sha tara ta yi kwance ƙarƙashin gado cikin tsohon zanen Umma. In Baba ya hau da ita soro don ta sha iska, tattabaru kan sauka a kanta su yi abin da suka ga dama, ba ta taɓa ramawa ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne daga allurarta, wato siririn ƙarfen da ke cikinta mai bugun gindin harsashi. Baba yana goge ta wata rana allurar ta karye gida biyu. Da farko ba wanda ya damu, sai ga alhazan Gumel sun iso da saƙon yayansa, wai ya isa haka, ya dawo gida. Baba yana tsakiyar mutane a bakin tukubarsa, hayaƙi na tashi, ya buga ƙirji ya ce, "Hanyar nan ba a bin ta hannu sake. Amma wallahi tallahi, ranar da 'Yar Fashir ta yi harbi ɗaya, ranar zan ɗaure kaya da iyalina!" Mutum goma sha ɗaya suka ji, cikinsu har da maƙwabcinmu Ammi Abdulganiyyu, wanda bai taɓa manta abin da wani ya faɗa ba.

Ummata Saudatu a Jarwal aka haife ta, ni ma haka. Tafiyar kuwa ta shekara biyu ce, kayan mutum abin da kansa zai ɗauka. Na auna littattafaina da tulun ruwa na ga tulu za a zaɓa. Daga ranar lafiyar marigayiya ta zama abin da nake kwana da shi nake tashi da shi.

Ba a yi sakaci wajen neman magani ba. Maƙerin unguwa ya juya ta ya ce shi wuƙa ya iya. Wani Bahindi mai gyaran agogo ya leƙa cikinta da gilashinsa, ya ce a fitar masa da ita daga shago kafin a gani. Wani Balaraben ƙauye ya kawo ƙarfe ya rantse na uwarta ne, Umma ta duba ta ce na risho ne. Daga Jidda aka aiko da allurar keken ɗinki, da gaisuwa. A ƙarshe Awwalu, mai jagorar alhazai daga Sudan kowace shekara, ya ce akwai wani tsohon maƙeri a Umdurman da ke ƙera irinta, awo kawai yake buƙata.

Ga yadda ake awon. Baba zai shiga ɗaki shi kaɗai, ya haɗa guntayen allurar, ya yanki zare daidai tsawonta. Ni zan rubuta wasiƙa in naɗe zaren a ciki. Awwalu ya tafi da ita bayan Hajji, ya dawo da allura a Hajji mai zuwa.

Shekarar farko allura ta zo ta yi tsawo da faɗin yatsa ɗaya. Baba ya ce maƙeran zamani ba su da tsoron Allah.

Sai shekara ta biyu. Kafin in naɗe wasiƙar na ɗauki almakashin Umma na rage wa zaren faɗin yatsa uku. Allura ta zo guntuwa kamar tsinken sakace. Baba ya zagi maƙerin har kakansa, Awwalu ya ce, "Ya Malam, mutumin nan zare yake bi, ba ya ƙari ba ya ragi." Umma ta dube ni, ta dubi almakashinta. Da muka shiga kicin ta ce, "Ke ba ki iya komai da sauƙi ba? Gishiri ma kaɗan ake sawa. Yatsa ɗaya ya isa."

Shekara ta uku na bi maganar uwa, na rage yatsa ɗaya cif.

Awwalu ya dawo a Hajjin da ya wuce. Mutane suka taru a zaurenmu don su ji zagin bana. Baba ya zura allura yana shirin buɗe baki, sai ta shige ta zauna daram kamar a nan aka haife ta. Ya ja mariƙi. Ƙaras-ƙas.

"Masha Allah!" in ji Ammi Abdulganiyyu. "Mabruk, ya Lurwanu. Sai Gumel ke nan. Wa za ka bar wa tukubar?"

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi," da irin muryar da ake amsa gaisuwar mutuwa. Ludayi ya faɗi daga hannun Umma a tsakar gida. Ni kuwa ina bayan labule ina lissafi da yatsuna. Na rage ɗaya, ta zo daidai. Shekarar da ban taɓa zaren ba, ta zo da ƙarin ɗaya. Mutum ɗaya ne ke shiga ɗakin nan ya yi awo. Na leƙa fuskarsa, sai na tarar shi ma yana ƙirga yatsunsa, yana kallon labule.

Saura harbi ɗaya rantsuwa ta hau kansa. Baba ya ce ai ba a harbi a Harami, sai an fita iyaka. Ya ce a bari alhazai su watse. Suka watse. Ya ce a bari zafi ya ragu. Ammi Abdulganiyyu ya ce, "Yalla, ya shehu, ga jakina na ba ka aro, har rakiya zan yi maka." Ranar Talata suka kama hanya, suka wuce Mina, suka wuce Muzdalifa. Dab da iyaka Baba ya ce zai kewaya bayan wani dutse, ya tafi da marigayiya don kada a bar ta ita kaɗai da jaki.

Ammi Abdulganiyyu ya ce ya ji ƙara sau uku, amma ba ta harbi ba. Baba ya fito rungume da ita, mariƙinta ya karye, wuyanta ya lanƙwashe, ya ce santsi ne ya kwashe shi ta faɗi. "Sau uku ta faɗi?" in ji Ammi. Baba ya ce, "Dutsen yana da gangara." Haka ta cika, ba ta bar wasiyya ba.

Ta rasu ta bar mai gidanta cikin juyayin da bai hana shi ƙarin tuwo ba a ranar. Ta bar harsasai tara marayu, da kwalbar mai, da allurai uku: doguwar tana aikin tsire a tukuba, guntuwar Umma na zura mazagi da ita, ta ukun ba ta da laifin kowa. Ta bar maƙerin Umdurman da ya sha zagin shekara biyu a kan gaskiyarsa, muna roƙon Awwalu ya kai masa ban haƙuri. Ta bar kuraye huɗu da zaki ɗaya waɗanda yanzu ba mai musanta su.

Za a yi jana'izarta gobe bayan la'asar a gidan Malam Lurwanu, inda za a kafa ta a bayan ƙofa ta zama sakata, aikin farko da za ta yi a garin nan. Za a karɓi gaisuwa kwana uku a bakin tukuba, akwai shayi. Mata su shigo wajen Umma, kada su yi mamaki in sun same ta da lalle. Ana roƙon jama'a kada kowa ya zo da sunan wani maƙeri, ko na Sham ne ko na Masar, musamman Ammi Abdulganiyyu.

Na karanta wa Baba wannan sanarwa kafin a fitar, na ce ko in cire wani wuri. Yana juya tsire ya ce, "Bar ta yadda take. Ke in aka ba ki abu ki rage, sai ki jawo wa mutane tafiyar shekara biyu."